Tsuntsayen bakin teku da madubin hangen nesa na jabu

Daga Nima, a birnin Akra na Ghana: Malam, yaushe tsuntsayen Turai ke barin bakin tekunmu? Kada in je in tarar sun tafi.

Hanzarta. Suna isowa tun Agusta da Satumba, su ci rani a nan, su juya arewa a Maris da Afrilu. Irin tafiyar shamuwa ce, sai dai tasu ta fi nisa, wasu har arewacin Rasha. Yawansu a Afrilu bai kai na Oktoba ba, amma lokacin suke sake gashi: wasu masu ruwan toka su koma ja kamar jan bulo, wasu cikinsu ya yi baƙi wuluk. Je tafkin Sakumono ta hanyar bakin teku mai zuwa Tema, ko filayen gishiri na bakin kogin Densu, da ƙarfe 6 na safe, ka sa rana a bayanka.

Daga Mamobi: Na ga madubin hangen nesa a Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, an rubuta 30x60, gilashinsa ja yana walƙiya, sidi 150. In saya?

Kada ka saya, ɗan'uwa. Lamba ta farko ita ce sau nawa yake kusanto da abu, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. To ɗauki rula ka auna. Mai 60 na gaskiya gilashinsa santimita 6 ne, ba ya shiga aljihun riga. Wanda ka gani da ƙyar zai wuce santimita 2. Wanda ya yi maka ƙarya a rubutu, me kake zato ya zuba a ciki? Jan fentin nan kuwa ado ne kawai, yana mai da komai kore-kore, ga rage haske. Ko da 30 ɗin gaskiya ce, hannu ba ya riƙe ta, rawar hannunka ma sau 30 za ta ƙaru.

Nemi 8x42. In ka samu, ko na hannu ne, gwada shi a gaban mai sayarwa. Riƙe shi nesa da fuska, ka fuskanci haske: ɗigon hasken da ke cikin kowane idon madubin ya zama zagaye sumul, kamar milimita 5. Sannan duba wayar lantarki daga nesa. In ta rabu biyu, ko ka ji idonka yana takura, saitin cikin ya goce, ciwon kai kawai za ka saya. Haska fitilar waya ta gaba: zare-zare kamar yanar gizo-gizo fumfuna ce, laimar Akra ke kawo ta, ba ta goguwa daga waje. Mai cewa "ba a buɗe kwali" ka bar masa kayansa. Araha ba ta ado.

In ka saya, ka hure yashi kafin ka goge gilashi, kuma ban da bakin riga. Gishiri da yashi ke kankare shi.

Daga Sabon Zongo: Wani yaro ya kama farin tsuntsun teku da zobe a ƙafa, wai azurfa ce. Nawa zan taya?

Ko fesuwa ɗaya, wato kwabon Ghana, kada ka biya. Ƙarfe ne mai lamba da masu bincike ke sa wa tsuntsu don bin sawun tafiyarsa. Rubuta lambar da wurin da ranar, a saki tsuntsun, ka kai bayanin ga Ghana Wildlife Society, ƙungiyar kare namun daji ta Ghana. In ka biya yau, gobe yaron zai ɗana tarko goma.

Daga Madina: Ɗana mai shekara 12 ya nace sai madubi, ni kuwa kuɗin makaranta ma da ƙyar. Ina tsoron kashe masa zuciya.

Hajiya, kwantar da hankalinki, ba ki gaza masa ba. Zalɓe da balbela da kirinjijiya ido ma na ganinsu. Saya masa littafin rubutu da fensir, ya riƙa zana baki da ƙafa da launin kowanne, da kwanan wata. Amma kada ya je shi kaɗai, kuma kada ya taka taɓon bakin tafki, yana da zurfi fiye da yadda ake gani. Babba ya raka shi, su tsaya a kan hanya, su dawo kafin rana ta yi zafi.