Tambaya da Amsa: Harsashin da na haɗa da kaina ya kasa kai gudun da littafi ya ce

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina fatan kana lafiya da iyali. Ni ɗan Zariya ne amma shekara tara kenan ina zaune a Minnesota ta Amurka, kuma na samu lasisin farautar barewa, har wani abokin aikina ya koya min cika harsashi da kaina. Bindigata .308 Winchester ce mai bututu inci 20. Littafin da nake bi ya nuna harsashi mai nauyin giren 150 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne) zai yi gudun ƙafa 2,800 a daƙiƙa, amma da na auna ranar Asabar cikin sanyin nan sai naga 2,620, harbi biyar duk haka. Sikelin da nake auna albarushi na duba sau biyu wallahi. In ƙara albarushi ne ko yaya? Nagode.
Daga wani mai karatu a Minnesota

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya bar zumunci. Kafin komai dan Allah ka ajiye gwangwanin albarushin nan tukuna, kar ka ƙara ko ƙwaya ɗaya, domin ni dai a lissafina ba wata matsala ce da kai ba.

Kaga lambar da ke cikin littafi ba da irin bindigarka aka same ta ba. Kamfanoni na gwaji ne da bututu na musamman wanda galibi inci 24 ne ga irin wannan harsashi, kuma cikinsa a matse yake daidai da ma'aunin SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin bindiga da harsashi a Amurka tun 1926, ana kuma yi a ɗaki mai ɗumi ba a filin Allah ba. Naka inci 20 ne, toh kowane inci da aka rage yakan ci kamar ƙafa 20 zuwa 30 a daƙiƙa daga gudun harsashi, kaga inci huɗu sun tafi da kusan 100 tun ma kafin a zo maganar sanyi. Shi kuma albarushi in ya sha sanyi baya ci da ƙarfi kamar lokacin zafi, wasu irin su Varget basa damuwa sosai, amma mai ƙananan ƙwayoyi zagayayyu yakan ja baya ƙwarai, kuma kai ka fi ni sanin yadda hunturun Minnesota yake. Ga bindigar kanti ɗakin harsashinta yakan ɗan fi na gwaji faɗi, maƙogwaronta, wato farkon bututu, ya fi tsawo, nan ma matsin da ke tura harsashi na raguwa. In ka tara waɗannan 180 ɗin da ka rasa ta kusa cika.

Sai na'urar auna gudun ita kanta, baka faɗa min wace iri bace. In mai ido biyu ce da ke kallon sama, tana da rigima: hasken yamma, hadari, batir da sanyi ya kashe, ko a kafa ta a karkace harsashi ya bi ta a gicciye, duk sai ta baka lambar da ba ta gaskiya ba. Ana kafa ta kamar ƙafa 10 zuwa 15 daga bakin bindiga, a miƙe sak. Abin da zaka yi mai sauƙi ne, sayi kwalin harsashin kamfani mai nauyi ɗaya da naka, harba biyar nasu biyar naka a rana ɗaya. In na kamfani ma ya faɗi ƙasa da abin da aka rubuta a kwali da irin wannan tazarar, shi kenan, halin bindigarka ne ko na'urar. In ka samu mai na'urar Garmin Xero ko LabRadar a filin harbi ka roƙe shi ya auna maka, su da rada (radar) suke aiki haske baya ruɗa su.

Maganar sikeli kuwa, auna abu sau biyu a sikelin da ya kauce lamba ɗaya zai baka sau biyun, sai ka gwada shi da ɗan ƙarfen gwaji mai sanannen nauyi. Ka duba kuma ko kwanson da faraimar (abin da ke kunna albarushi a gindin kwanso) da kake sawa su ne na littafi, kwanson wani kamfani ya fi na wani ciki, kuma albarushi iri ɗaya ma daga gwangwani zuwa gwangwani yana ɗan bambanta, balle wanda aka bari a buɗe ya sha laima a gareji.

Abin da yasa nake ta nanata kar ka ƙara shine ƙarancin gudu baya nufin matsi yayi ƙasa. Iyakar matsin .308 a ma'aunin SAAMI psi 62,000 ne (psi ma'aunin matsi ne), kuma kai baka da abin auna shi a gida. Na taɓa tsayawa kusa da wani a filin harbi da ya dinga ƙara albarushi don sai ya kamo lambar littafi, a harbi na uku makullin bindigar ya ƙi ɗaguwa sai da ya doka da tafin hannu, da muka ɗauki kwanson faraimar ta baje kamar an guge ta, gindinsa da tabo mai ƙyalli. Gabana ya faɗi sosai ranar, fuskarsa fa tana manne da wurin. Iyakar da littafi ya sa kar ka tsallake ta ko gudun bai kai ba. Haka in ka taɓa jin harbi yayi ƙara ƙasa-ƙasa ko bai tunkuɗe ka ba, tsaya, cire makulli ka leƙa bututun, wataƙila harsashi ya maƙale, wani a bayansa kuwa fasa bindiga yake.

Masu karatu na gida Najeriya, ku lura a Amurka wannan ɗan'uwa yake, mu nan dokar makamai ta 1959 ko riƙe harsashi bata yarda ba sai da lasisi, balle haɗa shi a ɗaki.

Ni a ganina 2,620 ta ishi barewa a tazarar da ake harbi a dajin can, in dai harbin biyar suna faɗawa wuri ɗaya. Ka sake saita madubin hangen bindigarka da wannan gudun na gaskiya kafin kakar farauta ta Nuwamba, kuma in ka gwada da na kamfanin ka turo min lambobin goma duka da yanayin sanyin ranar mu duba tare.