Moscato d'Asti: lemon inabi ne ko giya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar girkin biki a Kaduna. An kawo min wasu kwalabe masu suna Moscato d'Asti, mai kawowar ya ce ruwan inabi ne mai zaƙi da kumfa kawai. In raba wa baƙi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kada ki raba, giya ce. Zaƙin ne ya ruɗi mai kawo miki.

Ana yin ta a yankin Asti da ke Piyamonte, arewa maso yammacin Italiya, da wani farin inabi mai ƙamshi, Moscato Bianco. A yawancin giyar inabi, ana barin yis ya cinye kusan duk sukarin, ya mayar da shi barasa. Mutanen Asti kuwa suna katse aikin ne a tsakiya. Da an matse inabin sai a ajiye ruwan cikin sanyi kusa da ƙanƙara. In za a haɗa, a zuba shi a rufaffen tankin ƙarfe, a sa yis. Iskar da yis ke fitarwa ba ta da mafita, sai ta narke cikin ruwan, ita ce kumfar da kike gani. Barasar na kaiwa wajen kashi 5 cikin 100 sai a sake sanyaya tankin, a tace yis ɗin. Sukarin da ya rage yakan wuce giram 100 a kowace lita, shi ya sa harshe ba ya jin ɗacin komai. Amma kashi 5 ɗin nan daidai yake da ƙarfin giyar kwalba da aka saba gani.

Moscato d'Asti tana da 'yar'uwa, Asti Spumante, wadda ta fi ta kumfa da ƙarfi, wajen kashi 7, marufinta ɗaure da waya. Dabarar tankin kuwa wani ɗan Italiya, Federico Martinotti, ne ya yi mata rajista a 1895.

Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne lemukan inabi marasa barasa da ake fasawa a bukukuwanmu, kwalbarsu kusan iri ɗaya ce da wannan, har da takardar gwal a wuya. Ki juya kwalbar ki nemi lambar da ke kusa da "% vol". In kin ga 5 ko 5.5, ki mayar masa da kayansa. Wadda za ki saya ita ce mai 0.0%.