Amsa ga mai tambayar abin da ya haɗa sodiyom da Na

'Yar uwa, da na karanta cewa yaronki ya kasa riƙe alamomin sinadarai na darasin shimi, har yana tambayar abin da ya haɗa sodiyom da Na, sai na ga kaina. Nan na sha tawa wuyar.

Shekarar da zan yi jarrabawar BEPC nan Damagaram, mushe, wato malaminmu, ya fiddo ni gaban tablo ya ce in rubuta alamar azot. Na rubuta A. Wallahi har yau ina jin dariyar ajin nan a kunnena. Ya fizge allin, ya ce gara a mai da ni tallar goro, ya sa ni durƙuso a rana har aka tashi. Kwana uku ban koma lakwal ba. Kuma mutumin nan bai taɓa gaya mana dalili ba, haddace kawai! Na yafe, amma ban manta ba.

Sai da na girma na gane ba daga Faransanci aka ciro alamomin ba. Berzelius, wani ɗan Suwidin, shi ya tsara su wajen 1813 daga sunayen Latin. Wasu sun zo mana da sauƙi: fer Fe, cuivre Cu, argent Ag. N ɗin da ta ja mini durƙuso kuwa daga nitrojen take, wani sunan azot ne.

Ki kai yaron madafa, don Allah. Ki ɗora masa kanwa a hannu, ki ce sunanta natron, daga nan natrium, sunan sodiyom a Latin, ya fito, ga Na. Ki nuna masa toka: K ta potasiyom daga kalium take, asalinta kalmar Larabci ce ta tokar tsirrai. Zaiba Hg ce, daga hydrargyrum, wato ruwan azurfa. Biyu ko uku a rana sun isa, kuma kar ki bari babansa ya shiga da tsawa.

Ya kula da harafi na biyu, ƙarami ake rubuta shi. Co ƙarfen kobal ne, CO kuwa iskar nan ce mai kisa da gawayi ke fitarwa. Tun da zancen ya zo, ga hunturu na tafe, a daina kwana da kaskon wuta a ɗaki rufe.