Tambaya da Amsa: Na rubuta cewa Janar Doubleday ne ya ƙirƙiro besbol, an ce tatsuniya ce

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Shekarata goma sha ɗaya a unguwar Bronx ta birnin New York, ba nisa da filin ƙungiyar besbol ta Yankees. Tun ina kallon besbol ban gane komai ba har ya shiga jinina. Kwanan baya na rubuta ɗan tarihin wasan da Hausa don 'yan ƙungiyarmu, na ce Janar Abner Doubleday ne ya ƙirƙiro shi a garin Cooperstown na jihar New York a 1839, kamar yadda na gani a wani littafin yara da ɗana ya kawo gida. Sai wani yaro, sa'an ƙanena, ya ce a gaban jama'a wai tatsuniya na rubuta. Wallahi kunya ta hana ni sukuni. Gaskiyarsa ce? In haka ne, wane littafi mutum zai amince da shi? Tsorona kada in je gyara in sake tafka wani kuskuren.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Yaron bai iya magana da manya ba, da ya ja ka gefe da ya fi. Amma abin da ya faɗa haka yake: Doubleday bai ƙirƙiro besbol ba. Ka sassauta wa kanka, ramin da ka faɗa manya sun riga ka. A 2010 Bud Selig, wanda a lokacin shi ne kwamishinan Major League, wato shugaban babbar gasar besbol ta Amurka baki ɗaya, ya rubuta a wata wasiƙa cewa ya yi imani Doubleday ne uban wasan. In maigida ya yi tuntuɓe a tsakar gidansa, baƙo me za a ce masa?

Da wuya mako ya wuce ban ci karo da wannan labari ba, kuma na gaji da shi. Tun 1939 aka rushe shi, amma masu kwafo littafi daga littafi sun ƙi bari a binne gawar. Don haka ka yi haƙuri, zan ja magana. Mu bi shi yadda malaman hadisi ke bin ruwaya: wa ya faɗa, a wurin wa ya ji, kuma ya ga abin da idonsa?

Asalin rigimar tsakanin mutum biyu ce. Henry Chadwick, ɗan jaridan da aka haifa a Ingila, ya rubuta a 1903 cewa besbol ya samo tushe ne daga rounders, wasan yaran Ingila. Albert Spalding, tsohon ɗan wasa mai jifan ƙwallo da ya zama attajirin sayar da ƙwallaye da sanduna, ya ce atafau wasan Amurka ba zai zama jikan wasan Ingila ba. A 1905 ya kafa kwamitin bincike, shi ya zaɓi mutanen, ya ɗora Abraham Mills, tsohon shugaban gasar besbol ta National League, a kan kujera. Akwai sanatoci biyu a ciki, akwai tsofaffin 'yan wasa, babu masanin tarihi ko ɗaya. Shi kuwa Mills, tun 1889, a wata liyafa da aka yi wa tawagar 'yan wasan Spalding a New York, ya riga ya tsaya gaban jama'a ya ce wasan na Amurka ne tsantsa. Alƙali ya yanke hukunci shekara goma sha shida kafin a kawo ƙara.

Hujjar da suka samu ita ce wasiƙun mutum ɗaya, Abner Graves, injiniyan ma'adinai daga Denver, mai shekara 71. Ya ce yana yaro a Cooperstown ya ga Doubleday ya zana filin wasan ya tsara dokokinsa. Bai ma tsayar da shekara ba, Mills ne ya zaɓi 1839 a rahoton da ya rubuta ƙarshen Disambar 1907. To, an haifi Graves a 1834. Ke nan yaro ɗan shekara biyar ne shaidar, yana ba da labari bayan shekara sittin da shida. Doubleday kuma a 1839 yana makarantar horar da hafsoshi ta West Point, ya shiga 1838, ya fita 1842.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Doubleday ba ɓoyayyen mutum ba ne da za a ce an rasa bayanansa. Yana cikin sansanin Sumter lokacin da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, ya yi yaƙi a Gettysburg a 1863, ya rubuta littattafai biyu kan yaƙin, ya bar wasiƙu tuli. Babu inda ya ce shi ya ƙirƙiro wani wasa. Ya rasu a 1893, shekara goma sha biyu kafin Graves ya ɗauki alƙalami, don haka ba shi da bakin musantawa. Mills kansa abokinsa ne na shekaru. Ka yi tunani: kana shugaban gasar besbol, amininka shi ne ya ƙirƙiro wasan, kuna zama kuna hira, bai taɓa ko goga maka maganar ba sai ka ji ta a bakin wani baƙo daga Denver? Wasu masu bincike na ganin wataƙila Graves ya rikita shi ne da wani danginsa mai suna iri ɗaya da ya zauna a yankin. Za ka kuma ga ana yawan kawo cewa Graves ya harbe matarsa a 1924, ya ƙare rayuwarsa a asibitin masu taɓin hankali. Haka ne, ya faru, amma ni ba na jingina da shi. Ko da lafiyarsa ƙalau, lissafin shekarun kaɗai ya isa.

Me ya sa ƙaryar ta yi rai haka? Saboda an gina mata gida. Wajen tsakiyar shekarun 1930 aka tsinci wata tsohuwar ƙwallo a cikin akwati a wani ƙauye kusa da Cooperstown, Stephen Clark, magajin dukiyar kamfanin keken ɗinki na Singer, ya saye ta dala biyar, aka laƙaba mata sunan Doubleday. Garin na neman abin da zai jawo baƙi, masu gasar na neman bikin cika shekara ɗari. A watan Yunin 1939 aka buɗe gidan tarihin gwarazan besbol a can. A wannan shekarar dai Robert Henderson, ma'aikacin babban laburaren birnin New York, ya fitar da binciken da ya nuna labarin ba shi da tushe. Ganga ta fi muryarsa ƙara. Abin dariyar, har yau ba a shigar da Doubleday cikin jerin gwarazan gidan ba, sai dai filin wasan garin da ke ɗauke da sunansa.

Ga kuma takardun da suka girme shi. Wani littafin yara da John Newbery ya buga a Landan a 1744 ya ambaci wasan da sunansa. Wata jaridar Landan ta 1749 ta ba da labarin Yariman Wales ya buga shi a Surrey. Wani Bajamushe, GutsMuths, ya rubuta dokokinsa a 1796, ya kira shi wasan Ingilishi. Jane Austen ta sa shi cikin wani ƙagaggen labarinta, ita kuwa ta rasu a 1817, shekara biyu kafin a haifi Doubleday. A cikin Amurka ma, garin Pittsfield na jihar Massachusetts ya kafa doka a 1791 da ta hana buga shi tsakanin yadi 80 da sabon zauren taron garin, don kada a fasa tagogi. Masanin tarihin besbol John Thorn ne ya tono wannan doka a 2004. Ba a hana abin da ba a fara yi ba.

Yanzu ga tsoronka na sake kuskure, kuma ka yi daidai da ka ji shi. Mutane da yawa in sun saki Doubleday sai su rungumi Alexander Cartwright na kulob ɗin Knickerbocker na New York, su ce to ga uban na gaskiya. Kada ka bi su. Allon da aka kafa masa a Cooperstown ya ce shi ya sa ƙafa 90 tsakanin matsayai, wato wuraren da mai gudu ke tsayawa, da zagaye tara, da 'yan wasa tara. Dokokin Knickerbocker na 1845 ba su faɗi haka ba, a cikinsu wasa na ƙarewa ne in wani ɓangare ya kai maki 21. A babban taron kulob-kulob na 1857 aka tsayar da waɗancan, ƙarƙashin jagorancin wani likita, Daniel Adams, alhali Cartwright ya bar New York tun 1849, ya bi masu neman zinariya zuwa California, daga can ya zarce Hawaii. Takardun taron na rubutun hannu an yi gwanjonsu a 2016 kan fiye da dala miliyan uku. Shi ma Chadwick bai ci gari duka ba, domin binciken David Block ya nuna sunan besbol ya riga sunan rounders bayyana a rubuce a Ingila.

Batun littafi kuwa, biyu sun ishe ka a kan asali: Baseball Before We Knew It na David Block, wanda ya fito a 2005, da Baseball in the Garden of Eden na John Thorn, na 2011, shekarar da aka naɗa shi masanin tarihin Major League a hukumance. Na Block ya ɗan yi nauyi, na Thorn ya fi daɗin karatu amma yana da yawan ratse. Ga kowane littafi kuma, ka fara buɗe bayansa kafin gabansa. In ka ga marubucin ya jera jaridu da wasiƙun zamanin da yake magana a kai, da kwanan wata, ka zauna da shi. In babu, ka karanta don nishaɗi, kada ka ɗauko komai ka kai wa jama'a. Shahara ba ta wanke marubuci: Al Stump ya yi suna da littafinsa na 1994 kan shahararren ɗan wasa Ty Cobb, daga baya masu binciken SABR, ƙungiyar masu binciken tarihin besbol ta Amurka, suka gano jabu cikin takardu da kayan Cobb da suka fito daga hannunsa. Ita wannan ƙungiya, wadda aka kafa a Cooperstown ɗin dai a 1971, tana da tarihin 'yan wasa dubbai a shafinta kyauta, kowanne da madogararsa. Kai da ke Bronx ma ka fi mu gata, tarin takardun Spalding kansa suna ajiye a laburaren birninku.

Gyaran ba ya buƙatar dogon ban haƙuri. Ka goge jimlar, ka sa wannan a madadinta: “Besbol ba shi da mutum ɗaya da ya ƙirƙiro shi. Ya taso ne daga wasannin sanda da ƙwallo na Ingila, kulob-kulob na New York suka daidaita dokokinsa tsakanin 1845 da 1857.” Sannan ka tura wa yaron nan kwafi kafin kowa ya gani.