Tambayoyinku kan ciwon huhu

Tambaya: Likita ɗana ɗan shekara 2 yau kwana uku yana tari da zazzaɓi, ya zan gane mura ce ko nimoniya?

Amsa: Toh maman yaro, numfashinsa za ki duba, ƙarfin tari ba ya nuna komai. Ki bari ya natsu ba ya kuka, ki ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashin na minti ɗaya cur. A shekarunsa in ya kai 40 ya yi sauri, ɗan wata 2 zuwa 11 kuma 50 ne. In kin ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk sanda ya ja numfashi, ko ya ƙi shan komai, ko leɓensa ya sauya launi, kar ki jira gari ya waye ku tafi asibiti, don a nimoniya ƙananan jakunkunan iskar huhu ne ke cika da ruwa da mugunya har iska ta kasa isa jini, kuma yara ba sa daɗewa suke galabaita.

Tambaya: Da gaske fanka da ruwan sanyi na kawo nimoniya?

Amsa: A'a malam, ƙwayoyin cuta ne, bakteriya ko bairos. Hayaƙi ya fi damuna, na sigari da na girki a rufaffen ɗaki.

Tambaya: Duk sanda tari ya kama ni amoxicillin nake saye in sha kwana biyu, akwai matsala?

Amsa: Akwai sosai ma. Yawancin tarin mura bairos ne, antibayotik, wato maganin kashe bakteriya irin amoxicillin, ba ya taɓa shi, da kansa yake tafiya cikin sati biyu zuwa uku. In kuma bakteriya ce, kwana biyu bai ishe ta ba, kuma wannan shan barkatai shi ke sa maganin ya daina aiki ranar da ake buƙatarsa da gaske. Likita ya saurari ƙirjinka tukuna.

Tambaya: Mijina wata ɗaya kenan yana tari, ga zufar dare ga rama.

Amsa: Baiwar Allah, tarin da ya wuce sati biyu da waɗannan alamun sai an gwada majinarsa don tarin fuka wato tibi, wataƙila har da hoton ƙirji. Ana warkewa sarai, amma maganin wata 6 ne ba fashi ko ya ji garau. A duba ke da yaran ma, ku riƙa buɗe tagogi.