Kalmar "relieve" a littafin gyara

Ka ce ka ci karo da "relieve the fuel pressure" a littafin gyaran mota, ƙamus ya ba ka "sauƙaƙa wa mutum nauyi", ka rasa me ya haɗa wannan da tiyon mai. To saurara, yaro.

Kalmar tana nufin ɗauke abin da ya danne. Abin da ya danne ɗin ne ke canzawa daga aiki zuwa aiki. A tiyon mai, matsi ne. Motar fetur mai injekta tana riƙe mai a tiyo da ƙarfin psi 40 zuwa 60 (psi ma'aunin matsi ne), fiye da iskar da ke cikin tayarta, kuma ko an kashe inji matsin yana nan. In ka kwance haka, fetur ya feso maka a ido. In ya sauka kan salansa mai zafi kuwa, gobara.

Don haka ka fara cire fiyus ɗin famfon mai, ka tada motar, ka bar ta har ta mutu da kanta. Ka sake murza makulli na daƙiƙa 3, ka cire wayar nagatif daga batir, sannan ka naɗe mahaɗar da tsumma kafin ka sa sifana, don ɗan saura ba ya rasawa. Dizal ta zamani kuma ba a yi mata gaggawa, matsinta ya haura psi 20,000, yana iya huda fata.

A walda, "stress relieve" na nufin sassauta ɗaurewar da zafi ya bari cikin ƙarfe. Ana gasa shi zuwa digiri 600 na ma'aunin Celsius ko sama kaɗan, a riƙe shi awa 1 ga kowane kaurin milimita 25, a bar shi ya huce a hankali. Mai watsa masa ruwa don sauri, shi ke jawo tsagewa a gefen ɗinkin.

In kana wasa bakin abin huda ƙarfe, "relieve" shi ne ka ɗan zaftare bayan kaifin, don kada ya riƙa goga ya ƙone maimakon ya ci.

Ga mutum kuma a kula. In an ce ka "relieve" wani, karɓar aiki za ka yi daga hannunsa ya huta. In takarda ta ce "relieved of duty", an sauke shi ne. "Relieve yourself" kuwa, kewayawa ce, kada ka faɗe ta gaban kwastoma.