Amsa: cinyar jaririya ɗaya ba ta buɗewa sosai

'Yar'uwa, kin ce in kina canza mata kunzugu cinyar hagu ba ta buɗewa kamar ta dama. Kai ta asibiti, kada ki jira ta fara tafiya. Wataƙila kan ƙashin cinyar ne bai zauna daram a gurbinsa na ƙugu ba, kuma an fi ganin haka ga 'ya'ya mata.

Kafin jaririya ta kai wata 6 sikanin ake yi, don wurin guringuntsi ne tukuna, hoton ƙashi ba ya nuna shi sosai. In an tabbatar, za a sa mata ɗamarar Pavlik mai riƙe cinyoyi a tanƙware a buɗe, kusan awa 23 kullum, mako 6 zuwa 12. Kada ki sassauta igiyoyinta da kanki, kuma ki daina naɗe jaririyar tamau ƙafafu a miƙe. In aka bar matsalar ba magani, ɗingishi ne, daga baya gaɓar ta cinye tun da ƙuruciya.